Musayar Waƙa: Me Ke Korar Manya Daga Ajin Yaƙi da Jahilci?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum. Na buɗe fage, amsa-amon "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah, malaman ajin manya,
Ga tambaya, ku taimaka da warwarewa.
Ranar rajista benci ba wurin zama,
Kafin wata uku da yawa sun daina zuwa.
Waɗanda suka kammala, in shekara ta zagayo,
Wasu ko sunansu ya gagare su rubutawa.
Ƙwaƙwalwa ce ta tsufa, ko kuwa
Mu ne muke kuskure wurin koyarwa?

Baba Alƙalami:
'Yata, ƙwaƙwalwar babba ba ta da laifi,
Idonsa za ki duba, ya rage kaifi,
Daga shekara 40 ganin kusa ba ƙarfi,
Tabarau na karatu ke magancewa.

In kin ga ya miƙa littafinsa can nesa,
Yana murza ido, yana dafe kansa,
Ba zai ce ba ya gani ba, don girmansa,
Sai dai ki ji shiru, ba dawowa.

Harafin allo ya kai tsawon yatsa,
Mai raunin ido gaba za ya matsa,
A buɗe taga, kar duhu ya kutsa,
Sannan ki ga ko kan yana ɗaukawa.

Lokacin darasi su ne za su zaɓa,
Sa'a biyu, sau uku a mako, kar a saɓa,
Wanda ya yi fashi biyu a je a tuntuɓa,
A maimaita masa a keɓe, ba kunyatawa.

Ɗan Gaɓa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ga nawa kan tsarin darasi.

Haddar A zuwa Z mako bayan mako
Ita ke sa babba gajiya da ficewa.
Wasula biyar tukuna: a, e, i, o, u,
Sai baƙi ɗaya ko biyu ana ɗorawa.
Ba, be, bi, bo, bu, da ka, ke, ki, ko, ku,
Ya fitar da "baki" da "kaka", ya ji daɗin haɗawa.
Paulo Freire, wani malamin ajin manya a Birazil, a 1963,
Da kalmomin bakin ɗalibai ya yi farawa,
A garin Angicos, mutum kusan 300
Cikin sa'a 40 suka soma karantawa.
Don haka a tambayi ɗalibi sana'arsa,
Kalmar aikinsa ita ce ta buɗewa.

Goggo Mai Allo:
Ɗana, kar sa'a 40 ta sa mu sauri,
Mai tsintar harafi ɗai-ɗai ba tsari,
Kan ya kai ƙarshen jimla ya manta na fari,
Ya karanta ɗin, amma ba ganewa.

Maganinsa maimaici: gajeren rubutu,
Layi biyar, sau uku ko huɗu a yi karatu,
A bayyane, kullum, har ranar hutu,
Sai gaɓoɓi sun zama kalma ba tsayawa.

Ƙaramin b da d suna kama da juna,
Kada su haɗu a darasi guda na rana,
A raba su da mako, sai kowanne ya zauna,
Sannan masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, su samu shigowa.

Hannun da ya saba da aiki mai nauyi
Yana danne fensir, ya karye kan layi,
Da'ira da sanda da alli ya fara yi,
Minti 10 ya huta, yatsu na sakewa.

Malam Lissafi:
Goggo, lissafi kuwa yana cikin kan ɗalibi tuntuni,
Sa shi a takarda kaɗai ke buƙatar koyarwa.
Ki ce ɗari da biyar, ya rubuta 1005,
Yadda kunne ya ji, haka yake jerawa.
A ja gida uku: ɗaruruwa, gomomi, ɗaiɗaiku,
A ɗaure tsinke goma-goma ana nunawa.
Gidan gomomi ba kowa, sifiri ya tsare shi,
105 ta fito, ba sauran ruɗewa.

Malama Mai Alli:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma Baba, saura rabin tambayata, kuma ita ta fi damuna.

Wanda ya karɓi takardar shaida ya tafi gida,
Me za mu yi masa kar karatun ya yi zubewa?

Baba Alƙalami:
Abin da ba a aiki da shi, shi ake manta,
Ajin wata shida ko tara bai isa a huta,
A ba shi abin da yake buƙatar ya karanta:
Kwalin magani, rasit, da fom na cikewa.

Saƙon waya ya rubuta shi da hannunsa,
Bashi da ciniki ya sa a littafinsa,
Sau ɗaya a mako ya zauna da 'yan ajinsa,
Kowa ya karanta shafi, ana gyarawa.