Neman shawara: ina so in tashi daga waldar ƙofofi in koyi aikin manyan ƙarafa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekarata uku ina koyon walda a wani shago a Kano, inda muke haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje, kuma alhamdulillahi hannuna ya faɗa, har maigidana yakan aike ni Ƙofar Ruwa in sayo ƙarfe in dawo in haɗa ƙofa ni kaɗai. Sai dai a watan jiya na raka shi wani wuri da ake ƙera manyan tankokin ajiya da ginshiƙan rumbuna, aka miƙo mini faranti mai kaurin milimita 12 aka ce in gwada, sai waldata ta kwanta a sama kawai, ba ta shiga cikin ƙarfen ba. Tun ranar hankalina ya koma can. Mai wurin ya ce zai karɓe ni shekara biyu, babu albashi sai kuɗin abinci, wani abokina kuma yana cewa gara in nemi makaranta saboda takarda. Maigidana bai san da maganar ba tukuna. Don Allah a ba ni shawara.

Amsar wani dattijo mai waldar bututu daga Kaduna:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya same ka ba abin kunya ba ne, domin aikin ƙofa da aikin ƙarfe mai kauri sunansu ne kawai ɗaya. A shagonku da sandar walda mai lamba 6013 kuke aiki, wadda take kamawa cikin sauƙi a kan siririn ƙarfe. A can kuwa za a ba ka 7018, wadda ba ta son danshi ko kaɗan, shi ya sa ake ajiye ta a cikin tanda mai zafi har lokacin amfani. Kafin ka kunna inji sai ka fere bakin farantan biyu da giranda, ka bar ɗan tsakani, ka zuba layin farko wanda zai ratsa har bayan ƙarfen, ka kankare dattinsa tas, sannan ka bi da layukan cikawa da na rufewa. Wanda ya bar datti tsakanin layi da layi, ido ba zai gani ba, amma ranar da aka haska waldar da na'urar hoto sai a sa shi ya yanke ta ya sake. Ka karɓi tayin, amma ka tambayi mai wurin a gaban shaidu ko za a bar ka ka riƙe sanda a cikin wata shidan farko, domin na ga yaran da suka shekara biyu ba su yi komai ba sai ɗaukar ƙarfe da goge waldar wasu.

Amsar wani malamin kwalejin fasaha:

Na yarda da Baba, sai dai kada ka raina maganar abokinka. Kana cikin koyon za ka iya zama jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya, akwai kuma jarrabawar NABTEB, wato hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna tana da tsarin tantance waɗanda suka koyi sana'a a wajen makaranta, kuma hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, wadda aka kafa a 1971, tana horar da masu walda. In kana da sakamakon sakandare mai kyau, cibiyar horar da ma'aikatan man fetur, wato PTI, da ke Effurun a jihar Delta tana koyar da walda a matakin difloma. Amma ka sani cewa a manyan ayyuka irin na bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, takarda ƙofa kawai take buɗe maka, bayan haka sai an gwada hannunka. Gwajin da aka fi ji da shi shi ne 6G, inda ake kafa bututu a karkace ba ya juyawa, kai ne za ka zagaye shi da walda ta ƙasa da ta gefe da ta sama.

Amsar wani mai haɗa tankoki:

Ƙanena, ni maganar lafiyarka ce ta dame ni. Baƙin tabarau da ake sawa a shagunan ƙofa ba zai tsare ka ba idan wuta ta yi ƙarfi, dole ka samu hular walda mai rufe fuska duka, da safar fata da takalmi mai ƙarfe a baki. Na taɓa kwana uku ina jin kamar an zuba mini yashi a ido saboda na leƙa waldar wani ba kariya. Abu mafi haɗari kuma shi ne tankin da ya taɓa ɗaukar fetur: ko ya bushe ƙarau, tururin da ke cikinsa yana fashewa, don haka kada ka kusance shi da wuta sai an wanke shi an auna iskar cikinsa.

Dattijon ya ƙara da cewa:

Na manta da maigidanka, alhali da shi ya kamata a fara. Kada ya ji a bakin wani. Ka je da mahaifinka ko kawunka, ku gode masa, ku nemi ya sallame ka da albarkarsa, in da hali ma shi ya kai ka wurin da hannunsa, tunda sun san juna da mai wurin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi magana da mahaifina, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu je gidan maigidana in sha Allahu.