Mai saye ta ce kayan ba su iso ba, ta nemi banki ya maido mata da kuɗinta

Mai Turaren Wuta:
Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra ta intanet daga Kano. Wata mata a Abuja ta biya da katin banki, na aika kayan ta motar tasha, amma yanzu ta kai ƙara bankinta cewa ba ta karɓi komai ba, kuma kamfanin da ke karɓar mini kuɗi ya riƙe su. Yaya zan yi?

Baban Shago:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bari wa'adin da kamfanin ya ba ki ya wuce, domin idan ba ki ba da amsa ba, bankin zai maida mata kuɗin ba tare da ya saurare ki ba. Ki tura musu rasit, da hirarku ta WhatsApp, da hoton kayan, da takardar tasha mai ɗauke da sunanta.

Mai Atamfa:
Matsalar motar tasha ita ce direba kan miƙa kaya ba tare da sa hannu ba. Ki nemi direban ta hannun shugaban tashar, ki ji wa ya karɓa, domin sau da yawa ɗan aike ne ko maƙwabci, kuma matar ba ta sani ba.

Baban Shago:
Gaskiya ne, Hajiya. Idan kuma aka yanke hukunci ba daidai ba, ki fara kai koke a rubuce ga kamfanin, kafin ki nufi sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya.