Wai ya aka yi Faransa da Jamus suka shirya bayan duk wannan yaƙin?

Ɗan_Marwa:
Slm 'yan uwa. Don Allah masu sanin tarihi ku taimaka min, bak, jarrabawar gama sakandare, na matsowa kuma wannan darasin ya ƙi zama min a kai. Faransa da Jamus sun gwabza sau uku, 1870 da 1914 da 1939, har sojan Hitler suka shiga Paris a 1940, amma yau ga su kuɗinsu ɗaya yuro, shugabanninsu kullum tare. Yafe wa juna suka yi ne ko Amurka ce ta tilasta musu?

Malam_Garwa:
Wslm ƙanena. Amurka ta matsa kam, don tana tsoron Tarayyar Sobiyat kuma tana so Jamus ta Yamma ta miƙe da wuri, amma matsi kaɗai ba ya sa gaba ta mutu. Ni a ganina ba da yafiya aka fara ba, da dukiya aka fara. Ran 9 ga Mayu 1950 ministan harkokin wajen Faransa Robert Schuman ya ce a haɗa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu a ƙarƙashin hukuma ɗaya, to ka san da kwal da ƙarfe ake ƙera igwa da tankar yaƙi, in maƙwabcinka na ganin lissafin duk ƙarfen da ka narka ta ina za ka shirya masa yaƙi a ɓoye? Kamar 'yan kasuwa biyu ne da ba sa ga maciji aka sa su zuba jarinsu a motar albasa ɗaya, ba wanda zai cinna mata wuta. A 1951 aka sa hannu, ƙasa 6, su biyun da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambak. Shi Schuman ɗin ma takardun Jamus yake riƙe da su har 1919 da yankin Loren ya koma Faransa, ka ga ya san zafin iyaka.

Daga baya ne tsofaffin nan biyu suka shigo, De Gaulle na Faransa da Adenauer na Jamus ta Yamma, shugabannin ƙasashen biyu. A 1958 De Gaulle ya sauke Adenauer a gidansa na ƙauye a Colombey har ya kwana, a 1962 suka je coci tare a Reims, cocin da igwar Jamus ta ragargaza a yaƙin farko, a shekarar kuma De Gaulle ya je Jamus ya yi wa matasa jawabi da Jamusanci. Sai yarjejeniyar Élysée ran 22 ga Janairu 1963, wadda ta ce dole shugabannin su riƙa haɗuwa aƙalla sau 2 a shekara ko suna shiri ko ba sa yi. Wannan kwanan watan ka riƙe shi da kyau, ana yawan tambayarsa.

Abba_Njamena:
Malam ka yi bayani Allah ya ƙara sani, amma ni wlh in ana wannan zancen raina ɓaci yake. Daga nan Chadi fa Leclerc, hafsan sojan Faransa mai bin De Gaulle a yaƙin duniya na biyu, ya kwashi sojansa, gwamnan Chadi Félix Éboué ne ya fara bin De Gaulle a Afirka a 1940 tun sauran na inda-inda, kuma yawancin waɗanda suka keta hamada suka ci Kufra ta Libiya a 1941 kakanninmu ne baƙar fata, a can suka yi rantsuwa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta hau cocin Strasbourg. Da aka zo shiga Turai sai aka cire baƙaƙen daga rundunar, daga baya ma fanshon tsofaffin sojan aka daskarar da shi ya ƙi motsi shekara da shekaru. Ku ma a Kamaru ai an yi, Garwa ta kuɓuce wa Jamus a 1915, a dutsen Mora kaftin ɗin Jamus von Raben ya riƙe har Fabrairun 1916, su wa suka mutu a can? 'Ya'yanmu ne ɓangare biyun. Su sun rungumi juna, mu ko sannu.

Hajiya_Kusiri:
Yaya Abba gaskiyarka ce ban musa ba, amma yaron tambayar jarrabawa ya yi. Abin da Malam bai taɓo ba shi ne yara. A 1963 ɗin suka buɗe ofishin matasa na haɗin gwiwa, ɗan Faransa ya je ya zauna gidan Bajamushe ya ci abincinsu ya shiga ajinsu, nasu ma su zo, miliyoyi sun yi haka. Garuruwa ma suka ƙulla zumunci bibbiyu, kuma a 2006 suka fitar da littafin tarihi ɗaya na 'yan lise, wato sakandare, wanda malaman ƙasashen biyu suka rubuta tare. Wannan ya fi burge ni kan hoton shugabanninsu Mitterrand da Kohl riƙe da hannu a Verdun a 1984, duk da shi ma ba ƙaramin abu ba ne, wurin da ya ci mutum wajen 300,000 a 1916.

Mu nan mun ga abin da ya faru a Logon Birni a 2021 kan ruwa da kiwo, mata da yara suna tsallaka kogi zuwa Njamena da tabarma a ka. Manya sun zauna an yi sulhu an yi addu'a an watse, amma wa ya haɗa yaran a aji ɗaya bayan nan, wa ya haɗa su kan rijiya ɗaya da kowa zai ji tasa ce?

Ɗan_Marwa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. To yanzu kenan ba sa saɓani kwata-kwata?

Malam_Garwa:
Ina fa, suna yi sosai. Ko kan wutar lantarki ba su jitu ba, Faransa da nukiliya take samun mafi yawan wutarta, ita ko Jamus ta rufe tashoshinta na ƙarshe a 2023, kan kuɗi da sayen makamai ma kullum cikin ja-in-ja suke. Macron da Merkel dai sun sabunta yarjejeniyar a Aachen a 2019. In ta fito maka a bak ka fara da 1950 ka bi ta 1963 ka sauka a 2019, zancen Abba kuma ka ba shi sakin layi guda, mai gyaran takarda zai ji daɗinsa.