Wai waye ya fara ƙera takalmin ninƙaya na masu nutso?

Ɗan_Bakin_Kogi:
Salam jama'a. Don Allah masu sanin tarihi ku raba mana gardama. Jiya muna kallon bidiyon masu nutso a teku ni da wani abokina sai maganar takalmin nan mai faɗi kaman ƙafar agwagwa ta taso, shi ya dage wai sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi lokacin yaƙin duniya na biyu, ni kuma na taɓa jin cewa Bafaranshe ne. Ni a bakin ruwa na tashi kuma da ƙafata zalla na koyi iyo, shi yasa abin ya tsaya min a rai, wa ya fara tunanin ƙara wa ƙafar mutum tsawo haka?

Malam_Mai_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kai ne ka fi kusa da gaskiya ɗan'uwa. Sunan mutumin Louis de Corlieu, hafsan sojan ruwan Faransa ne. Tun 1914 ya nuna samfurin farko gaban wasu hafsoshi, cikinsu har da Yves Le Prieur wanda shi ma daga baya ya yi suna wajen na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa. A 1924 de Corlieu ya ajiye kaki gaba ɗaya don ya ba abin nan lokacinsa, amma sai 1933 ya samu takardar mallakar ƙirƙirar, ka lissafa shekarun da kanka.

Abin da ke taɓa min zuciya a labarinsa shine ba don yaƙi ko wasa ya yi ba, sunan da ya sa wa kayan ma yana nufin abin tura mutum a ruwa don iyo da ceton rai, wato wanda jirgi ya kife da shi ya samu ya kai gaɓa. A watan Yunin 1933 ya shiga teku a garin Saint-Jean-de-Luz na Faransa gaban wakilan rundunar ruwa, awa 6 yana iyo cikin ruwa mai sanyin tsiya ya ci kilomita 8, duk da haka suka ce basa so. Ya koma gidansa a Paris yana haɗa su da hannu, sai 1939 aka fara yin su da yawa.

Inda Amurka ta shigo kuwa ta hannun Owen Churchill ne, mutumin Los Angeles, wanda ya ci zinare a tseren jirgin ruwa mai filafilai a gasar Olamfik ta 1932. A tsibirin Tahiti ya ga ana amfani da irin takalmin, ya nemo mai shi, wato de Corlieu, ya karɓi lasisi, ya gyara siffar ya yi nasa da roba mai ƙwari. Nasa ne sojojin nutso na Amurka suka saka a yaƙi, daga nan abokinka ya samo maganarsa, bai yi ƙarya duka ba, rabin labarin ya riƙe.

Hajiya_Injiniya:
Malam ka yi bayani amma ka tsallake Benjamin Franklin, wancan da hotonsa ke jikin dala 100. Yana yaro a Boston, wajen shekara 11, ya sassaƙa katako biyu masu siffar ƙwai da ramin saka babban yatsa, tsawonsu kaman inci 10 faɗi inci 6, yana riƙewa a hannu yana iyo. Shi da kansa ya rubuta a wata wasiƙa cewa sun ƙara masa sauri amma suna gajiyar da wuyan hannu. Ya gwada ɗaura wani abu kaman silifa a ƙafa ma bai gamsu ba, ya ce ya lura ba tafin ƙafa kaɗai ke tura ruwa ba, har da cikin ƙafa da idon sawu.

Toh nan ne nake ganin darasin yake. A zamaninsa iyon kwaɗo ake yi, a buɗe ƙafa a tattaro, kuma katako baya lanƙwasa. Takalmin nan sai yana lanƙwasawa kaman wutsiyar kifi kana kaɗa ƙafa sama da ƙasa sannan yake tura ruwa baya ya cilla ka gaba. Robar da zata iya wannan aikin bata samu ba sai bayan da Charles Goodyear ya gano dafa ta da farar wuta, ya yi rajista a 1844. Tunanin ya daɗe, Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, ma ya zana safar hannu mai fata tsakanin yatsu, kayan aikin ne basu iso ba.

Malam_Mai_Tarihi:
Haka ne Hajiya, na karɓi gyara. Na bar shi ne saboda nasa na hannu ne ya yi aiki, amma maganar robar nan gaskiya ce tsantsa.

Baban_Walid:
Ku bari in sako Italiya don wlh ana yawan mantawa da su. Akwai Luigi Ferraro, sojan nutso ne, a 1943 shi kaɗai yake fita da dare daga gaɓar Iskenderun da Mersin a Turkiyya ya yi iyo har ƙarƙashin jiragen dakon kaya ya maƙala musu nakiya ya dawo, toh mutumin da ya yi wannan ya san inda takalmi ke ciwo. Takalman farkon nan maɗauri ne kawai a dunduniya, yana goge fata. Bayan yaƙi ya haɗa kai da kamfanin Cressi na birnin Genoa, na wasu 'yan'uwa biyu Egidio da Nanni, suka fitar da Rondine, ma'ana tsattsewa, wanda ƙafa ke shiga gaba ɗaya kaman sau-ciki kuma yatsu suna leƙowa ta gaba. Duk wanda ka gani yau a wurin wanka na otal jikan wannan ne. Sai kuma Georges Beuchat na Marseille a Faransa da ya fito da Jetfin a 1964, mai ramuka a jiki da ruwa ke bi ya wuce don ƙafa kar ta gaji da wuri, baƙi ne mai nauyi kuma har yanzu ana sayar da shi.

Ɗan_Bakin_Kogi:
Allah ya saka da alheri iyayena, na tura wa abokin nawa duka ya ce ya yarda amma a bar masa Churchill ɗinsa. Ni dai de Corlieu ne ya tsaya min, shekara 25 daga gwajin farko zuwa masana'anta. Baban Walid tambaya ɗaya, ga mai ruwan kogi irin namu mai laka da igiyar ruwa, sau-cikin zan nema ko mai maɗauri?

Baban_Walid:
Nemi mai maɗauri gajere ka haɗa da safar roba, laka tana zare sau-ciki daga ƙafa. Kuma ka fara gwadawa inda ruwa bai wuce ƙirji ba, kwanakin farko sharaɓa tana ɗaurewa.