Neman kalmar Hausa: katangar da ke tare ƙasa da wurin wutar jin ɗumi

Malam Habu Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Agajin gaggawa nake nema. Yau Laraba, ranar Asabar da safe kuma zan tsaya gaban samari 22 da muke koya wa buga bulo da gini a wani ƙauye gabas da Ringim. An ba ni wani ɗan littafi mai hotuna daga Amurka a kan gyaran tsakar gida da bulon kankare, aka ce in mayar da shi Hausa. Na ci rabi, kalmomi uku sun tsaya mini a wuya.

Ta farko “landscaping block”. Ba irin bulonmu ba ne mai rami, inci 6 ko inci 9. Curarren kankare ne, gabansa ya fi bayansa faɗi don a iya lanƙwasa layi, kuma yana da ɗan leɓe a ƙasa ta baya wanda ke kama na ƙarƙashinsa. Ba a sa kwaɓi a tsakani, ɗorawa kawai ake yi. Ta biyu “retaining wall”, gajeren gini a gangare da ke hana ƙasa zubowa. Ta uku “fire pit”, da'irar bulo da ake hura wuta a ciki a zauna kewaye da ita. Don Allah kalmar da yaron da bai wuce firamare ba zai ji ya gane nake so.

Ɗan Auyo:
Wa alaikumus salam. Malam, bulo, katanga, murhu. Me ya yi zafi?

Baba Magini:
Ɗana, da zafi. Shekarata 41 da cokalin gini a hannu. Kana ce wa yaro katanga, abin da zai zo masa shi ne ya haƙa tushe, ya jera bulo da kwaɓi, ya yi filasta ciki da waje har ta yi santsi. To wannan ginin da Malam Habu ke faɗa filasta ce ajalinsa. A damunar 2022, shekarar da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, an kira ni wani gida da ke bakin gangare. Mai gidan ya ciko ƙasa a tsakar gida, ya tare ta da bulo inci 9, aka shafe ta tsaf, ko kafar allura ba a bari ba. Ruwa ya taru a bayanta ba hanyar fita. Da asuba ta kwanta gaba ɗayanta kamar an kifar da faifai, layi bakwai, bulon ko rabuwa da juna bai yi ba. Na sa hannu a ƙasar da ta biyo ta, kamar kunu. Allah ya kiyaye akuya biyu kawai ta danne. Katanga raba gida da gida take yi, iska kaɗai ke tura ta. Wannan kuwa kaya take ɗauke da shi dare da rana. Dole sunan ya nuna haka.

Injiniya Dutse:
Baba ya gama magana. In ƙara kaɗan don darasin: layin farko binne shi ake yi a kan tsakuwa da aka daddaɓe, a cika bayan ginin da tsakuwa ba da jar ƙasa ba, don ruwa ya tsiyaye ta tsakanin bulon. Wannan leɓen da Malam ya ambata shi ke sa kowane layi ya ɗan ja baya, sai ginin ya jingina da ƙasar da yake tarewa. A irin waɗannan littattafai sukan ce in tsayi zai wuce ƙafa 4 a nemi injiniya. Mu da ƙasarmu rairayi ce, ni a ƙafa 3 zan tsayar da yara. Shawarata: katangar riƙe ƙasa.

Yaya Sabo Bichi:
Dangarama fa? Gajera ce ai. Ko dakali.

Baba Magini:
Dakali na zama ne. Dangarama kuma ba ta ɗaukar nauyin komai. Ni “tokare” ta fi kwanta mini a kan “riƙe”. In garu ya fara rinjaya muna cewa a tokare shi. Abin da ke son faɗuwa ake tokarewa.

Malam Ɗanladi Gumel:
Na karanta duka, kuma raina ya ɓaci tun daga layin farko. Muna neman kalmar Hausa amma muna ta bulo, bulo, filasta, kankare. Ina tubali ya tafi? Ina yaɓe? Kakanninmu sun gina ganuwar Kano da Gidan Makama ba su ari kalma ko ɗaya daga Bature ba. Harshen nan yana da injinsa na ƙera suna. Wuri: ma- a gaba, -a a baya, kamar makaranta, maƙera, majema, marina, mahauta. Kayan aiki: ma- da -i, kamar mabuɗi, magirbi, matokari. To ga su a sauƙaƙe. Ginin gangare: matokara. Wurin wuta: maɗumama. Bulon kuma: tubalin ƙawa. Kalma ɗaya ɗaya, ba jimla mai jela ba. Maɗumama musamman na daɗe ina ajiye da ita, ina jiran ranar da za a buƙace ta.

Ɗan Auyo:
Allah gafarta Malam, in ka shiga wajen masu buga bulo a Haɗejiya ka ce a ba ka tubali ɗari, za su ce maka ba sa yi. Tubali na ƙasa ne, a cura shi da hannu da ciyawa a shanya. Bulo na siminti ne. Bahaushe ya riga ya raba su, kowa da aikinsa.

Malam Ɗanladi Gumel:
Wannan raba su da kake yabo shi ne ciwon. Duk abin da ya zo sabo sai mu ba shi sunan Turanci, namu mu bar wa talauci. Shi ya sa yaro ke jin kunyar ce gidan ubansa na tubali ne. Shekara 26 ina koyar da Hausa, ina ganin yadda kalmomi ke mutuwa a bakin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. Yau ka tambayi ɗan sakandare makuba ko azara ko indararo ka ga yadda zai dube ka.

Injiniya Dutse:
Malam, ina girmama kishinka, amma tubali ɗin ma asalinsa Larabci ne, daga “ɗub”. Haka alƙalami, haka littafi, haka sabulu. Abin da aka ara aka daɗe da shi ya zama ɗan gida. An yi ta fama da na'ura mai ƙwaƙwalwa a rediyo, mutane suka ce kwamfuta suka wuce.

Malam Ɗanladi Gumel:
Jirgin ƙasa fa? Jirgin sama fa? Majalisar Ɗinkin Duniya fa? Waɗannan ba ƙirƙira aka yi ba suka zauna daram? Da irin ra'ayinka aka bi da yanzu tiren muke cewa. Kuma aro daga Larabci na ɗaruruwan shekaru ba ɗaya ba ne da kwasar Turanci don lalaci. Ku da kuka yi boko da Turanci kun fi kowa saurin sallamawa.

Injiniya Dutse:
A ƙauye aka haife ni, da wutar kara na yi karatun allo. Ba wanda zai gwada mini son Hausa. Lura kuma, duk misalan da ka kawo kalma biyu ne ko uku, irin jimla mai jelar da ka ƙi.

Yaya Sabo Bichi:
Ni dai abin da na lura, duk sanda aka zo irin wannan sai a ce Hausar Kano ce daidai, sauran kuma a ce karin harshe. Baba, ku a wajenku me ake ce wa gefen gona da aka tara ƙasa don tare ruwa?

Malam Habu Ringim:
Jama'a, don girman Allah. Daren Alhamis ne, ko shafin wuta ban taɓa ba.

Hajiya Ladi Gwaram:
Sannunku da ƙoƙari. Na yi shiru ne don magana ta gini ce, amma tunda an zo wuta bari masu ita su sa baki. Malam Ɗanladi, ka yi haƙuri, maɗumama ba za ta yi ba. Duk macen da ta ji ta, ɗumamen tuwo za ta tuna. Za a ɗauka wurin da ake ɗumama kwanan jiya ne.

Murhu kuma shi ne mafi haɗari a cikin duka. Murhu na girki ne, duwatsu uku ka ɗora tukunya. Kuna ce wa yaran nan murhun bulo, gobe za su fara sayar wa mata shi. A bikin 'yar ƙanwata an rasa duwatsu, samari suka ɗauko bulo daga ginin maƙwabta wanda ruwan dare ya jiƙa, aka ɗora babbar tukunyar shinkafa. Wuta ta kama sosai, sai muka ji fas kamar an fasa kwalba, ɓarɓashi ya watsu, wani ya sami wata yarinya a ƙauri. Bulo ɗaya ya tsage biyu, tukunya ta karkata, da ƙyar mata biyu suka tare ta da muciya. Bayan an gama na taɓa sauran bulon, yana marmashewa a hannu kamar ƙuli. Tun ranar ba na yarda a kai siminti kusa da wuta.

Injiniya Dutse:
Hajiya, abin da kika gani shi ne ainihin ilimin. Kankare yana riƙe danshi a cikinsa. In ya yi zafi ruwan ya zama tururi, ya rasa mafita, sai ya ɓalle fuskar bulon. Ko busasshe ne, daga wajen digiri 300 ƙarfinsa yake fara raguwa, wutar itace kuwa tana wuce 600. Shi ya sa a Amurka bulon ado ne na waje kawai, ciki sai an sa zoben ƙarfe ko bulon da aka gasa don wuta, a bar 'yan kafofi a layin ƙasa iska ta shiga. A nan rabin ganga mai kauri zai yi, ko a yaɓe cikin da yumɓu irin na tanderun gurasa. Malam Habu ka duba, na tabbata littafin ya faɗi haka.

Malam Habu Ringim:
Ya faɗa, har da hoton zoben. Ya kuma ce a nisanta da gini aƙalla ƙafa 10. Ni zan ce su ninka, saboda mu dangar kara gare mu da rumbu, ga iskar hunturu.

Hajiya Ladi Gwaram:
To ni ga tawa: tukuba. Ku dubi ta mai tsire. Da'ira ce, wuta a tsakiya, ba a ɗora mata tukunya, mutane a kewaye. Kuma kowa ya san ta toka da ƙasa ce, ba wanda zai ji tukuba ya yi tunanin siminti ya taɓa garwashi. Ku ce tukubar jin ɗumi.

Baba Magini:
Wallahi Hajiya kin harbo ta. Ni da nake ta tunanin wutar da almajirai ke kewayewa a tsangaya da dare, na rasa sunan da zan ba wurin.

Ɗan Auyo:
Amma wa zai sayi abin? Alhajin da zai kashe kuɗi a gyara masa tsakar gida ba zai so a ce an gina masa tukuba ba, sai ka ce mahauci. Samarin nan kasuwa za su nema. Ni da za a bar shi faya fit ma da ya fi tsada.

Hajiya Ladi Gwaram:
Ƙanena, sana'ar fawa ba abin kunya ba ce, alhajin ma layi yake bi a gaban tukubar. Ni damuwata ɗaya, kada a ƙone 'ya'yan mutane.

Yaya Sabo Bichi:
Ni kuma tambayata, a yankin da mata ke tafiya mai nisa neman itace, ana ta kiran a dasa bishiya saboda hamada, mu koya wa yara gina wurin ƙona itace don hira kawai?

Baba Magini:
Ɗana, ko an gina ko ba a gina ba, watan sanyi kowace ƙofar gida wuta ake hurawa da kara. Gara a killace ta a wuri ɗaya da a bar ta a gindin danga.

Malam Ɗanladi Gumel:
Na ji maganar ɗumame, Hajiya, kuma ba zan musa ba, kunnen mace ya fi nawa a nan. Amma ina nan a kan cewa ƙirar maɗumama daidai take a nahawu, ko rediyo ta faɗe ta wata uku da ta zauna. Tukuba Hausa ce tsantsa, don haka ba zan yi faɗa da ita ba. Matokara kuwa ban janye ba. Bulo kuma har abada ba zan rubuta shi da hannuna ba.

Malam Habu Ringim:
Juma'a, ƙarfe 11 na dare, na gama. Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na sa. Ginin gangare: katangar tokare ƙasa, kuma a karon farko na rubuta “ko matokara” a gefe, in ga wadda bakin yaran zai ɗauka. A ƙarƙashinta na ja layi: ba a yi mata filasta, ba a toshe mata hanyar ruwa. Wurin wuta: tukubar jin ɗumi, da gargaɗin Hajiya kusan kalma da kalma, na ƙara da cewa kada a kwashi garwashinta a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Bulon ne ban gamsu ba. Tubalin ƙawa ya sa shi kamar abin ado kawai, alhali nauyi yake ɗauka. Intalok kuma mutane sun riga sun ba na shimfiɗa ƙasa. Na sa bulo mai leɓe da fensir.

Malam Ɗanladi Gumel:
Tubali mai leɓe.

Baba Magini:
Malam Habu, ka bar shi da fensir ɗin. Ƙarfe nawa za ku fara? In na sami mota daga Ɗambatta zan zo. Ka sa kafinta ya haɗa maka akwatin bugawa ko na katako ne, mu buga guda biyar a gaban yaran, mu ji abin da su za su kira shi.

Malam Habu Ringim:
Ƙarfe 9, Baba. Siminti buhu ɗaya muke da shi, yashi kuma akwai. Tsakuwa ce babu, in wani na kusa yana da ko baro biyu ya taimaka mana kafin safiya.