Wasu shafukan intanet sun ƙi buɗewa a kwamfutar gidana

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana kwamfuta a kan wata matsala da ta shafe mako biyu tana damuna a nan Birnin Kebbi. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, wadda ni da 'ya'yana muke amfani da ita, kuma tana samun intanet daga ƙaramar na'urar Wi-Fi ta gida. Yawancin shafuka suna buɗewa lafiya, amma shafin jami'ar da babbar 'yata take karatu da wasu shafukan labarai biyu sun ƙi, sai saƙo ya fito cewa ba a iya isa gare su ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, wayata tana buɗe su nan take alhali a kan Wi-Fi ɗaya suke, saboda haka ban ɗora wa kamfanin sadarwa laifi ba. Na gwada Chrome da Firefox, na goge tarihin bincike, na daidaita agogon kwamfutar wanda yake komawa baya idan an ɗauke wuta, sannan na mayar da adireshin DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, zuwa 8.8.8.8 bisa shawarar wani maƙwabcina, amma jiya i yau.

Zargina ya fi karkata ga manhajar tsaro da mai gyara ya saka mini watan jiya. Shin za ta iya toshe shafi ba tare da ta sanar ba, ko kuwa fayil ɗin hosts, wanda a cikinsa ake haɗa sunayen shafuka da adireshinsu a kwamfuta, ya kamata in duba? Idan shi ne, yaya zan buɗe shi ba tare da na ɓata wani abu ba? Yarinyar tana bukatar buga takardun rajistarta kafin Juma'a.