Taƙaitawa: Amos 'n' Andy daga rediyo zuwa talabijin

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan Amos 'n' Andy, wani wasan barkwanci na Amurka, da yadda ya nuna baƙaƙen fata a rediyo da talabijin:

1. An yarda cewa a rediyo mai sauraro ne ke ƙera fuskar ɗan wasa a ransa. Da shirin ya fara a Chicago a 1928, Turawa biyu ne, Freeman Gosden da Charles Correll, ke kwaikwayon muryar baƙaƙen fata. Kyamara ba ta ɓoye wannan, don haka da kafar yaɗa shirye-shirye ta Amurka, CBS, ta kai shi talabijin a 1951 sai aka ɗauki baƙaƙen 'yan wasa.

2. A nan aka rabu biyu. Wasu sun ce waɗannan 'yan wasa, su Tim Moore da Spencer Williams, gwanaye ne, kuma sun samu aiki a lokacin da ba a cika ba baƙar fata babban matsayi a talabijin ba. Wasu suka ce ƙwarewarsu ba ta wanke labarin, domin ya nuna baƙar fata a matsayin malalaci ko ɗan damfara. Wannan ne ƙorafin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta Amurka, kuma ni ma nan na fi karkata. An daina shirya shi a 1953, aka janye maimaicinsa a 1966.

3. Shawara ga mai son kallo: ya fara sauraron na rediyo, ya san tarihin wariyar launin fata ta Amurka, kada ya bar yara su kalla ba bayani.

4. Masu shirya wasa kuwa, su tambayi mutanen da ake kwaikwayo tun kafin a kunna kyamara.